Olympus TG-5 ta hannu: abin da na gani bayan ta sha ƙura da damina a Maradi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mutane da dama suna tambayata game da wagga 'yar jar kyamara da nike ratayawa a wuya in zan shiga ƙauye, wasu ma cewa suke yi wai mi za a yi da kyamara yanzu bayan kowa na da salula a aljihu, to bari in faɗi abin da na gani tun daga saye har aiki, don wanda ke da niyya ya san inda zai sa kuɗɗinshi. Sunanta Olympus Tough TG-5, ƙirar wani kamfanin Japan, ta fito a 2017, ni kuwa ta hannu na saye ta nan cikin gari.

Aikina tare da manoma ne, wajajen Madarumfa da Tibiri da Gidan Rumji, kuma duk wanda ke yawo bisa moto a waɗannan hanyoyi ya san yadda ƙura ke yi da kaya. Kyamarar da nike da ita a da irin mai ido mai fitowa waje ce, ka kunna ido ya zuro, ka kashe ya koma, to wanga shiga da fita shi ne ajalinta, don yashi na bin gefen ya shiga ciki, sannu a hankali ka fara jin ƙara kamar ana niƙa, wata rana cikin hunturu ido ya tsaya rabi ya ƙi gaba ya ƙi baya, shike nan. Ita TG-5 ba abin da ke fitowa waje, duk motsin zum ɗin a ciki yake bayan gilashi a rufe, kuma wallahi a wurinmu wanga kaɗai ya isa dalilin saye.

A takarda kamfanin ya ce tana jure ruwa har zurfin mita 15, tana jure faɗuwa daga mita 2.1, tana ɗaukar nauyin kilo 100 in an danne ta, tana aiki cikin sanyi har digiri 10 ƙasa da sifiri. Maganar sanyin nan ba tamu ba ce. Abin da ya shafe mu shi ne ɗaya gefen, wanda masu sayarwa ba su faɗi: iyakar zafin da aka rubuta mata na aiki digiri 40 ne, mu kuwa watan 4 da watan 5 muna wuce haka da rana tsaka. Tana aiki dai, ban ga ta mutu don zafi ba, amma kar ka bar ta cikin mota a rufe ko ƙarƙashin sirdin moto, kuma in ka samu zaɓi tsakanin ja da baƙa ni dai ja na ɗauka, ba ta kai baƙar ɗaukar zafi ba a hannu, kuma in ta faɗi cikin karan hatsi ko yashi ana saurin ganinta.

Inda na same ta wani butik ne kusa da babbar kasuwa, na wani Alhaji mai saida salula da kwamfutoci na okaziyo. Kyamarorin na can ƙasan gilashi ba mai kallonsu. Ya fito mini da TG-4 da TG-5, shi kuma TG-4 ɗin yake ta tura mini, shina cewa malam wagga ta fi, duba an rubuta 16 ita kuwa waccan 12 ce kawai. Gaskiya ne TG-4 ta 2015 megafiksel 16 gare ta, wato ɗigo miliyan 16 a hoto, TG-5 kuma 12, amma da gangan suka rage, don wurin da ke kama hasken a ciki ƙarami ne ƙwarai, bai fi ƙwayar wake ba, in ka cusa mishi ɗigo da yawa kowane ɗigo sai ya samu haske kaɗan hoto ya yi dusu-dusu da yamma. Kuma abin da ya fi hana ni TG-4 shi ne wayar cajinta, irin tasu ce ta musamman, in ta ɓace sai ka kewaye kasuwa kaf ba ka samu ba, alhali TG-5 micro USB ce irin ta tsoffin Android, wadda ko wurin mai tebur a tasha za ka samu.

Yanzu ga maganar da nike so kowa ya riƙe. In za ka sayi irin wagga kyamara ta hannu, robar ƙofofinta kake saye, sauran duk bayanta suke. Ƙofofi biyu ne, ɗaya a ƙasa ta batiri da katin memori, ɗaya a gefe ta wurin caji, kowace da makulli biyu, ka ja ɗaya sannan ka ja ɗayan, kuma a cikin kowace ƙofa akwai wata 'yar roba da ke kewaye da bakin, ita ce ke hana ruwa da ƙura. Na ce ma Alhaji ya ara mini tocilar salularshi, na buɗe ƙofar batirin na haska, na bi robar da ido tun daga kusurwa har kusurwa, sannan na ɗan taɓa ta da bayan farce in ji ko tana da laushi tana komawa ko ta bushe ta yi tauri. Ta TG-4 ɗin a kusurwa ɗaya ta tsage siriri kamar gashi, ba ka gani sai ka karkata hasken, kuma a bakin ƙarfen da batiri ke taɓawa akwai wani fari-fari mai ɗan kore, alamar ruwa ya taɓa shiga ke nan, wataƙila ma ruwan teku a can inda ta fito. Ta TG-5 kuwa robar lafiya lau, sai ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a kanta, na ɗauke da gefen takarda. Kar ka rena ƙwayar yashin nan, ita ko silin gashi ɗaya in ya kwanta kan robar ka rufe a kai, hanya ce ka buɗe ma ruwa.

Sai na ce Alhaji ina so a sa ta a ruwa. Ya ɗago ya dube ni, ya ce haba malam, in ta lalace wa zai biya? Na ce mishi Alhaji ai ba da batiri za mu sa ba, a cire batiri a cire kati, mu tura 'yar takarda busassa cikin ramin batirin mu kulle, in an fiddo takardar ta jiƙe to ka ga ba ta ruwa ba ce sai mu yi ciniki a kan haka, in ba ta jiƙe ba na saya yanzu. Ya ɗan yi shiru sannan ya kira yaronshi ya kawo bokiti. Muka sa ta muna kallo ko kumfa za ta riƙa fitowa a jere daga bakin ƙofa, 'yan ƙananan kumfa da ke maƙalewa a jiki ba komai ba ne, wadda ke tasowa ba tsayawa ita ce matsala. Bayan ɗan lokaci muka fiddo, na goge ta sosai da rawanina kafin in buɗe, na juya ƙofar ta kalli ƙasa don kar ɗigon da ke baki ya gangara ciki, takarda ta fito a bushe. Gaskiya na yaba ma Alhajin nan, ba kowa ke yarda ba, kuma duk wanda ya ƙi maka wanga gwaji to ka saye ta a farashin kyamarar da ba ta shiga ruwa, ko ka bar mishi abinshi. Shi ya sa ma ban yarda da saye ta hoto a WhatsApp a aiko maka cikin mota daga Yamai ko Kano ba, cinikin biri a sama ne.

Sauran dubawa ba ta da wuya. Ka haska gilashin idon ka ga ko akwai karce a tsakiya ko hazo daga ciki, don irin wagga ba ta da murfi, gilashin a buɗe yake kullum. Ka ɗauki hoton farin bango ko sama ka buɗe shi babba ka ga ko akwai tabon da ke zama wuri ɗaya. Ka juya 'yar ƙafar da ke baya ta zaɓen yanayi da ta sama kusa da maɓallin ɗauka, in kana jin ƙaras-ƙaras to yashi ne a ciki. Ka gwada zum har ƙarshe ka dawo, ka gwada filashi, ka yi ɗan bidiyo ka saurari murya. Ka saita kwanan wata ka cire batiri ka mayar ka ga ko ta riƙe. Ka ɗora batirin bisa gilashin tebur ka juya shi, in ya yi ta juyi to ya kumbura a ciki. Nawa haka na same shi, kuma ba na asali ba ne, wani ne can ya musanya. Da wanga na samu bakin ragi, ya fara da jika 150 na sefa, muka yi ta ja, albarka albarka, har ya sallama a jika 120 ya ƙara mini da igiyar hannu. Sabuwarta lokacin da ta fito wajen dalar Amurka 450 aka sa mata, don haka ni ban ga an cuce ni ba, ko da yake na san ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuɗin akuya ne mai kyau har da canji.

To aikin fa? A nan ne na ƙaunace ta. Akwai wani yanayi da aka yi ma alamar madubin likita, in ka juya can tana iya ganin abu daga nisan santimita 1, wato kusan ka manna gilashin a jikin abin. Lokacin da hatsi ya fidda kai ya fara bunni, wajen watan 8 zuwa 9, murzuna ke shiga zangarniya, tsutsar na cinye gindin furen tana kewayawa, sai ka ga wata hanya a murɗe ta bi jikin zangarniyar. Manomi ya san hanyar sarai, amma sau da yawa sai ɓarna ta yi nisa ake lura. Da wagga kyamara na ɗauki tsutsar tun tana 'yar mitsitsiya a ɓoye tsakanin furen, na buɗe ta ta cika ekran, kanta da layukan bayanta da kashinta fari-fari duk a fili, na miƙa ma wani dattijo mai gonar, ya riƙe kyamarar da hannu biyu ya daɗe shina kallo sannan ya ce ɗana, ashe tun yanzu ta shiga? Nan take ya kira 'ya'yanshi su zo su gani. Haka kuma ɗan ƙaramin ƙwaron nan Habrobracon hebetor da masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, suka yi aiki a kanshi, wanda ake saki daga 'yan buhuna a gonaki don ya kashe tsutsar, in kana bayani da baki mutane na ɗauka wani sabon bala'i za ka kawo musu gona, amma in suka ga hotonshi da na tsutsar da ya harba ta yi baƙi ta mutu, magana ta ƙare.

Wake ma haka. Ƙwaron da ke huda wake a rumbu shina manna ƙwanshi a bayan ƙwayar, wasu 'yan farare ƙanana da ido ke wucewa bai lura ba, na ɗauke su na nuna ma mata masu ajiya a wata ƙungiya, shi ya fi komai saurin gamsar da su a kan buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa iska ba ta shiga. Na ɗauki kaska a kunnen jar akuya, na ɗauki ƙurajen bakin tunkiya na tura ma likitan dabbobi ya ba da amsa tun kafin ya iso. Tana ma da wata dabara da take ɗaukar hotuna da yawa a jere ta haɗe su wuri ɗaya don ƙwaron ya fito tas daga kai har wutsiya, sai dai wanga sai ka dafa hannu da kyau kuma ba iska, in zangarniya na kaɗawa ba ya yi. Matsala ɗaya a kusantowar nan, in ka matso ƙwarai inuwar kyamarar kanta na rufe abin, sai ka karkata ta gefen rana ko wani ya haska maka da tocila. Akwai wani zobe da ake ɗaura mata a ido mai suna LG-1 da ke baza hasken 'yar fitilarta kewaye, ban same shi a Maradi ba tukuna.

Wajen ruwa kuma a gane wani abu. Ruwan Gulbin Maradi da na tafkin Madarumfa da damina ja ne, in ka tsoma ta ciki ba kifin da za ka gani, laka kawai za ka ɗauko. Amfanin a wurinmu shi ne hadari ya taso kana tsakiyar gona, iska ta fara da jan ƙura sannan ruwa ya sauko, kowa na neman ledar da zai ƙunshe salula kai kuwa kana ci gaba da ɗaukar yadda ruwa ke cin bakin gona. Da ka dawo gida ka duba ƙofofi a kulle suke, ka tsoma ta cikin ruwa mai tsabta ka ɗan girgiza, ka danna maɓallai a ciki yashi ya fita, ka shanya a inuwa. Ba sabulu, ba omo, ba ruwan zafi. Ta faɗo mini daga kan moto bisa tsakuwa, gefenta ya ɗan kwarzane, ta tashi tana aiki.

Inda ba ta kai ba kuma zan faɗa, don kar wani ya saya da zaton abin da ba shi ne ba. Da dare ko cikin ɗaki mai ƙwan fitila ɗaya, salula mai kyau ta yanzu ta fi ta, ba gardama. Idonta na buɗewa har f/2.0, wato sosai haske ya shiga da yawa, in ba ka yi zum ba, wanga na taimakawa da magariba, amma da ka ja zum zuwa ƙarshe ya koma f/4.9 haske ya ragu hoto ya fara rawa. Zum ɗin kanshi ninki 4 ne kawai, milimita 25 zuwa 100, ya isa hoton mutum ko garke, amma in kana zaune can saman filin kokowa kana so ka kamo fuskar ɗan kokowa, ba za ta kai ka ba. Ba ta da ramin leƙawa, da ekran kaɗai ake dubawa, kuma da rana tsaka ekran ɗin na wuyar gani sai ka kare da hula. TG-6 da ta fito a 2019 an gyara mata ekran ya fi kyau, in ka same ta a kusan kuɗi ɗaya ka ɗauke ta, in ba haka ba hotonsu kusan ɗaya ne. Mai son hoton biki da suna a yi ta ɗorawa nan take, gaskiya ya ƙara kuɗin a kan salula ya fi mishi.

Batirinta LI-92B ne, LI-90B ma na shiga. A takarda ana cewa hoto wajen 340 a caji ɗaya, da na jabu kam ba ka kai ko kusa. Akwai wani ɗan makunni a sama da aka rubuta LOG, in ka tura shi tana riƙa rubuta hanyar da ka bi da GPS ko da kyamarar a kashe take, kuma ba ruwanta da rezo, ko a dajin da salula ba ta kamawa tana sanin inda kake, ni da shi nike gane wace gona ce na ɗauki wane hoto. Amma shina shan batiri, kuma cikin aljihu yakan turu da kanshi, da yawa masu cewa batirinsu na mutuwa cikin dare wanga ne dalili, a riƙa dubawa. Tana caji da fawa banki, abin da ke da daɗi in an ɗauke wuta, sai dai ni na fi son in cire batirin in sa a 'yar cajar waje, don yawan buɗe ƙofar gefe a bar ta a hangame cikin ƙura shi ke gajiyar da robar.

Tura hoto zuwa salula akwai Wi-Fi da manhajarsu OI.Share, ka nuna ma salula wani tambari a ekran su haɗu. Tana yi, amma in hotuna na da yawa na fi ganin sauri in cire katin in sa a ɗan abin karanta kati mai shiga gindin salula. In za ka tura ma likita ko malamin gona hoton ƙwaro ta WhatsApp ka tura shi a matsayin dokima, in ba haka ba ana matse shi ƙananan abubuwan da ka wahala ka kamo su ɓace, sai dai ka sani a haka har wurin da aka ɗauka na iya bin hoton in GPS a kunne yake. Katin memori kuma a kiyayi na jabu, in kana son bidiyon 4K sai mai alamar U3, in ba shi ba ɗaukar na tsinkewa. Sannan da halin tsaron da ake ciki, kusa da shingen jami'ai ko bariki a mayar da ita cikin jaka, ba wurin hoto ba ne.

Abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya sani, kamfanin Olympus da ya ƙera ta ya saida sashen kyamarorinshi, tun farkon 2021 wani kamfani ne OM Digital Solutions ke riƙe da shi, su ne suka fiddo TG-7 a 2023 da sunan OM System, mai cajin USB-C. Littafin kyamarar na ba da shawara a riƙa canza robar kowace shekara a wurin masu gyaransu, mu kuwa nan ba mu da wanga wuri, masu gyaran salula na iya buɗe ta su gyara wani abu amma da an kwance sukurorin jikinta kar ka sake yarda da ita a ruwa. Don haka ni ina lallaɓa tawa, ba na buɗe ƙofa da jiƙaƙƙen hannu ko a fili lokacin iska, ina share robar da tsumma mai laushi, kuma ban nitsa da ita don burgewa. Akwai wasu irinta da kan shigo jefi-jefi, Nikon W300 mai zurfin mita 30, da Ricoh WG masu 'yan fitilu kewaye da ido, da Fujifilm XP masu ɗan sauƙin kuɗi, duk wadda ka samu gwajin ɗaya ne, tocila da takarda da bokiti. Malaman gona, masu aikin dabbobi, magina, masu haƙar rijiya da fanfo, ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo masu zuwa bincike ƙauye, ku ne nike ganin za ta yi ma amfani. Wanda kuma ya san inda zan samu zoben LG-1 ko batirin asali, ko a Katsina ne ko Kano, don Allah ya sanar da ni.